Ambaliyar Pakistan ta 2022: Wa Ya Biya Kuɗin Gyara?

A watan Agustan 2022 lardunan Sindh da Balochistan da ke kudancin Pakistan suka samu ruwan saman da ya ninka na al'ada sau bakwai zuwa takwas. Kafin damina ta ɗauke, ambaliya ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe fiye da 1,700, ta raba kusan miliyan 8 da matsugunansu. Gidaje sama da miliyan 2 sun rushe ko sun lalace, dabbobi fiye da miliyan ɗaya sun mutu, auduga da shinkafar da ke gona suka nutse ana dab da girbi. A watan Oktoba gwamnatin ƙasar da Bankin Duniya da Bankin Raya Asiya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da ƙiyasin haɗin gwiwa: dukiyar da ta lalace ta kai dala biliyan 14.9, asarar da tattalin arziki ya tafka dala biliyan 15.2, abin da ake buƙata don sake gini kuma dala biliyan 16.3.

Wannan bala'i ya cancanci a tsaya a duba shi da kyau, domin a kansa ne aka gwada kusan duk hanyoyin da duniya ta tanada don taimakon ƙasa mai tasowa idan sauyin yanayi ya auka mata: agajin gaggawa, taron neman gudummawa, rancen manyan bankuna, da sabon asusun da aka haifa albarkacin wannan ambaliyar. Kowace hanya ta kawo wani abu. Abin dubawa shi ne irin kuɗin da ya zo, da lokacin da ya zo, da wanda zai biya shi daga baya.

Laifin wa?

Shekarar ta fara ne da zafi. Tun watan Maris aka shiga wani irin zafi da ya zo kafin lokacinsa, a watan Mayu ma'aunin zafi ya kai 51 a birnin Jacobabad. A cikin watan ne wani tafki da narkakkiyar ƙanƙara ta tara a dutsen Shisper ya ɓalle, ya tafi da gadar Hassanabad a kwarin Hunza. Sai damina ta biyo baya. Ambaliyar 2010, wadda ta shafi mutum kusan miliyan 20, kogin Indus ne ya cika daga arewa ya gangaro. Ta 2022 kuwa yawancinta daga sama ta sauko kai tsaye a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Sindh, inda ruwa ba shi da gangaren da zai bi. Shi ya sa a wasu gundumomi ya kwanta watanni.

Wata ƙungiyar masana da ke binciken hannun ɗumamar duniya a irin waɗannan bala'o'i ta fitar da sakamakonta a watan Satumba. Ta ce ruwan kwana biyar mafi ƙarfi da ya sauka a lardunan biyu ya fi abin da zai kasance da kusan kashi 75 cikin 100 da a ce duniya ba ta ɗumama ba, tare da gargaɗin cewa daminar yankin mai yawan sauyawa ce, don haka adadin ba yankakke ba ne. Ita kuwa Pakistan, hayaƙin da take fitarwa mai ɗumama duniya bai kai kashi ɗaya cikin 100 na jimillar duniya ba. A kan waɗannan hujjoji biyu gwamnatinta ta kafa ƙorafinta, kuma ƙorafin yana da ƙarfi.

Amma masanan ba su wanke gida ba, bai kamata kowa ya wanke shi ba. A kwarin Swat an ga otal-otal da aka gina a cikin hanyar ruwa suna ruftawa cikin kogi. Shirin ƙasa na kariya daga ambaliya da aka amince da shi a 2017 ya daɗe a kan takarda babu kuɗin aiwatarwa. Akwai kuma babbar magudanar da aka haƙa a gefen hagu na Indus don kwashe ruwan gishiri daga gonaki zuwa teku, wadda mutanen Badin suka daɗe suna kukan cewa idan ta cika garuruwansu take juyowa. Abin lura a nan, da rancen ƙasashen waje aka gina ta, har da na Bankin Duniya, kuma a 2006 kwamitin binciken bankin da kansa ya gano kurakurai a tsarinta. Wato ko a ɓangaren da ake kira laifin gida, akwai sa hannun masu ba da bashi.

Abin da ya faru a tafkin Manchar ya nuna irin zaɓin da hukumomi suka fuskanta. A farkon Satumba tafkin ya cika har yana barazana ga garuruwan Sehwan da Bhan Syedabad. Injiniyoyi suka yanka bangonsa da gangan, suka saki ruwan kan ƙauyuka, aka tashi mutum kusan 100,000 don a ceci waɗanda suka fi su yawa. Manomin da aka sako wa ruwan nan bai san wani taron sauyin yanayi ba. Ya dai san an zaɓi gonarsa ta nutse.

Kuɗin farko

A ranar 30 ga Agusta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 160 na agajin gaggawa. Da girman abin ya bayyana, a Oktoba ta ɗaga buƙatar zuwa miliyan 816. Babban sakatarenta Antonio Guterres ya je da kansa a watan Satumba, gani ya kori ji, ya ce bai taɓa ganin ɓarnar yanayi mai wannan girma ba. Duk da haka, har shekarar ta ƙare abin da aka tara bai kai rabin abin da aka nema ba. A wannan tsakanin sauro ya samu wurin zama: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu zazzaɓin cizon sauro a ƙasar sun tashi daga kusan 500,000 a 2021 zuwa miliyan 2.6 a 2022.

Kuɗin da ya fi saurin isa hannun mutane na cikin gida ne. Pakistan tana da shirin tallafa wa matalauta mai sunan Benazir tun 2008, da rajistar iyalai da hanyar biya da aka riga aka shimfiɗa. Ta nan aka raba rupi 25,000 ga kowane iyali, ga iyalai fiye da miliyan biyu da rabi. Kuɗin ba shi da yawa, amma ya isa cikin makonni, saboda ba a tsaya ƙirƙiro sabuwar hukuma ba.

Sharm el-Sheikh

Sa'a ɗaya da Pakistan ta yi, idan har za a kira ta sa'a, ita ce a 2022 ita ke shugabantar rukunin ƙasashe masu tasowa na G77 da Sin. Wata biyu bayan ruwan aka buɗe taron sauyin yanayi karo na 27 a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar, ministarta ta sauyin yanayi Sherry Rehman ta isa da hotunan da duniya ta gama gani a talabijin. A rumfar ƙasar an rubuta cewa abin da ya faru a Pakistan ba zai tsaya a Pakistan ba.

Buƙatar da suka je da ita tsohuwa ce. Tun 1991 Vanuatu, a madadin ƙananan ƙasashen tsibirai, ta nemi a kafa wani asusun inshora don ƙasashen da teku zai cinye. Aka yi watsi da shi. A 2013, ana cikin jimamin guguwar Haiyan da ta ɗaiɗaita Filifin, taron Warsaw ya kafa wani tsari na nazarin asara da ɓarna, wato cutarwar da sauyin yanayi ya riga ya yi, ba tare da ko sisi ba. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta ba batun sashe na kansa, sashe na 8, amma Amurka da ƙawayenta suka tabbatar an rubuta a ƙudurin da ya raka ta cewa wannan sashe ba zai zama hujjar ɗora alhaki ko neman diyya ba. A Glasgow a 2021 ƙasashe masu tasowa suka nemi asusu, aka ba su zaman tattaunawa na shekara uku. Gwamnatin Scotland ce ta fara fasa ƙwai da fam miliyan 2, Denmark ta biyo baya a 2022 da kusan dala miliyan 13.

Me ya sa ƙasashe masu arziki suka yi shekara 30 suna toshe ƙofar? Tsoron shari'a. Taimakon rage hayaƙi da taimakon shirin kare kai duk ana iya kiran su zuba jari ko kyautatawa. Biyan abin da ya riga ya lalace kuwa yana kama da amsa laifi, wanda ya amsa laifi sau ɗaya kuma bai san inda lissafin zai tsaya ba. A Sharm el-Sheikh sai da aka kai kwanakin ƙarshe Tarayyar Turai ta sassauto, ta bakin jagoran tawagarta Frans Timmermans, da sharaɗi biyu: asusun ya kasance na ƙasashen da suka fi rauni, kuma masu zuba kuɗi su haɗa da ƙasashe irin Sin da na yankin Gulf. Manufar a fili take, a raba kan G77. Rukunin bai rabu ba. Da asubahin 20 ga Nuwamba aka amince za a kafa asusun, aka ɗage maganar wa zai biya da wa zai karɓa zuwa wani kwamiti mai mutum 24.

Nasara ce ta gaske a fagen diflomasiyya, kuma Pakistan ta cancanci yabon da ta sha. Sai dai asusun da aka amince da shi a ranar ba shi da kuɗi, ba shi da ofis, ba shi da ma'aikaci ko ɗaya. Mutanen Dadu da Khairpur Nathan Shah da ke Sindh kuwa suna cikin tantuna a bakin titi, hunturu ya kama.

Geneva: biliyan tara, amma na waye?

Kuɗin sake gini sai aka neme shi ta tsohuwar hanya. A ranar 9 ga Janairun 2023 Pakistan da Majalisar Ɗinkin Duniya suka kira taro a Geneva. Gwamnati ta ce za ta ɗauki rabin dala biliyan 16.3, tana neman sauran rabin daga duniya. Aka tashi da alƙawuran da suka haura dala biliyan 9, kanun labarai suka ce an samu fiye da abin da aka nema. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya yi alƙawarin biliyan 4.2, Bankin Duniya biliyan 2, Bankin Raya Asiya biliyan 1.5, bankin zuba jari na Asiya mai hedikwata a Beijing biliyan 1, Saudiyya biliyan 1. Amurka ta ƙara miliyan 100.

Duk wanda ya kalli jerin zai ga bankuna ne suka cika shi, banki kuma ba ya kyauta. Kwanaki kaɗan bayan taron ministan kuɗi Ishaq Dar ya faɗa da bakinsa cewa kusan kashi 90 cikin 100 rancen ayyuka ne, wanda za a riƙa saki a hankali cikin shekara uku. Wani ɓangare ma tsofaffin ayyuka ne aka sauya wa suna da manufa. A yi adalci: da yawa daga rancen mai sauƙi ne, kuɗin ruwansa kaɗan, wa'adin biyansa mai tsawo, kuma ya fi abin da Pakistan za ta samu a kasuwa nesa ba kusa ba. Amma a duba halin da mai karɓar yake ciki. A watan Fabrairun 2023 ajiyar kuɗin waje ta babban bankin ƙasar ta faɗo ƙasa da dala biliyan 3, abin da bai isa shigo da kayan wata ɗaya ba. A watan Mayu hauhawar farashi ta kai kashi 38 cikin 100. Da ƙyar aka kauce wa gaza biyan bashi, sai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ba da dala biliyan 3 a Yuli, bisa sharaɗin ƙara kuɗin wuta da tsuke bakin aljihun gwamnati. Ƙiyasin haɗin gwiwar nan ya ce ambaliyar kaɗai za ta iya jefa ƙarin mutum miliyan 8 zuwa 9 cikin talauci, su ne kuma aka ƙara wa kuɗin lantarki.

A nan ne, a ganina, zuciyar lamarin take. Wanda gobarar maƙwabci ta cinye wa gida, maƙwabcin ya zo jaje ya ba shi rancen sayen kwano, ba za a ce bai taimaka ba, amma mai gidan ne zai biya kuɗin gyara daga ƙarshe. Idan aka tara rance da kyauta aka kira su duka gudummawa, lissafin yana ɓoye wanda nauyin ya hau kansa. Haka abin yake a babban mataki. Alƙawarin dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka ɗauka a Copenhagen a 2009, wanda ya kamata a cika a 2020, ƙungiyar OECD, wadda yawancin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, ta ce sai a 2022 aka kai shi, da biliyan 115.9, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ɓangaren gwamnatoci rance ne.

Akwai kuma gefen da masu kare Pakistan ba sa son a taɓo. Rancen ayyuka ba ya fita sai an kawo tsararren aiki: zane, ƙiyasi, binciken muhalli, tsarin ba da kwangila. A 2025 ministan kuɗi Muhammad Aurangzeb ya amince cewa ƙasar ba ta iya shirya isassun ayyukan da za su janyo duk kuɗin Geneva ba. Ana iya ɗora wannan a kan sakacin ma'aikatu, ana iya ɗora shi a kan tsarin da ke buƙatar ƙasar da ruwa ya ci ta zauna rubuta takardun da ke cin shekara. Duka biyun gaskiya ne.

Gidajen Sindh

Aikin da ya fi fitowa fili daga duk wannan kuɗi shi ne na gidaje. Gwamnatin Sindh ta kafa kamfani na musamman da burin gina gida miliyan 2.1, Bankin Duniya ya sa dala miliyan 500 a farko, wasu bankunan suka shigo daga baya. Ba a ba 'yan kwangila aikin ba. Mai gida ake buɗe wa asusun banki, da yawansu karo na farko a rayuwa, a zuba masa rupi 300,000 kashi huɗu. Ya karɓi na farko ya zuba harsashi ya ɗaga daɓe sama da inda ruwa ke kaiwa, jami'i ya zo ya duba ya ɗauki hoto, sannan a saki na bango, sai na rufi, sai ɗan ragowar idan an kammala. Ɗaki ɗaya ne na bulo a madadin na laka, kuɗinsa dala dubu ɗaya da 'yan kai.

Tsarin yana da wayo, domin ya rage hannayen da kuɗi ke bi, ya kuma bar aikin ga magina na ƙauye. Yana da matsalolinsa. Hauhawar farashi ta cinye darajar rupi 300,000 kafin wasu su kai rufi, sai sun ci bashi ko sun sayar da dabbar da ta rage. Sannan akwai maganar fili. Dubban iyalai a Sindh manoman rabo ne da ke zaune a ƙasar manyan masu gonaki, ba su da takardar komai, gina wa mutum gida a filin wani kuwa ƙara wa mai filin dukiya ne. Gwamnatin lardin ta ce za ta ba da takardun mallaka, da yawa da sunan mata, inda filin na gwamnati ne. Idan hakan ya tabbata da yawa, zai iya zama abin da ya fi ɗakin kansa daɗewa. Amma a lura da yadda kuɗin ya zagayo: ga iyalin kyauta ne, ga ƙasar bashi ne.

Asusun ya iso

Kwamitin mutum 24 ya yi watanni yana ja-in-ja. Amurka ta dage a ajiye asusun a Bankin Duniya, inda take da rinjaye kuma ita ke zaɓar shugaba. Ƙasashe masu tasowa suka ƙi, daga baya suka yarda da riƙon ƙwarya na shekara huɗu bisa sharuɗɗa, ciki har da ba ƙasashe damar karɓar kuɗi kai tsaye. Zuba kuɗi kuwa ya zama na ganin dama. John Kerry, wakilin Amurka kan sauyin yanayi a lokacin, ya riga ya faɗa wa majalisar dokokin Amurka a Yulin 2023 cewa ƙasarsa ba za ta biya diyyar yanayi ba ko ta halin ƙaƙa.

A ranar farko ta taron sauyin yanayi na Dubai, 30 ga Nuwamban 2023, aka ƙaddamar da asusun ana tafi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Jamus suka yi alƙawarin dala miliyan 100 kowacce, Faransa da Italiya yuro miliyan 100 kowacce, Birtaniya fam miliyan 40, Japan dala miliyan 10. Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa tara hayaƙi a sararin sama a tarihi, dala miliyan 17.5. Jimilla kusan miliyan 700. Zuwa farkon 2025 alƙawuran sun kai kusan miliyan 768, wato ƙasa da kashi 5 cikin 100 na kuɗin sake gina ƙasa ɗaya bayan ambaliya ɗaya. Wani nazari na 2018 da ake yawan ambato ya ƙiyasta asarar ƙasashe masu tasowa za ta kai dala biliyan 290 zuwa 580 a shekara nan da 2030.

A 2024 aka zaɓi Filifin ta karɓi baƙuncin hukumar gudanarwar asusun, aka naɗa Ibrahima Cheikh Diong, ɗan asalin Senegal, babban darakta. A taron Baku na wannan shekarar aka tsayar da sabon buri na dala biliyan 300 a shekara nan da 2035, ba tare da an ware wa asara da ɓarna wani kaso ba, wakiliyar Indiya ta tashi ta yi fatali da adadin bayan an buga guduma. A watan Maris na 2025 gwamnatin Trump ta janye Amurka daga hukumar asusun. Wata guda bayan haka, a Barbados, hukumar ta ware dala miliyan 250 don zangon farko, kowace buƙata tsakanin miliyan 5 zuwa 20, kuma aƙalla rabin kuɗin na ƙananan tsibirai ne da ƙasashe mafiya talauci. Pakistan ba ta cikin ko ɗaya daga rukunan biyu. Ko da ta samu mafi girman kason, dala miliyan 20, a farashin shirin Sindh bai wuce ɗaki 20,000 ba cikin miliyan 2.1.

Ƙofar da aka toshe a Paris ta ɗan buɗu ta wani wajen. A ranar 23 ga Yulin 2025 Kotun Duniya da ke Hague, bisa buƙatar da Vanuatu ta jagoranta, ta ba da ra'ayin cewa ƙasar da ta saɓa wa wajibcinta na kare yanayi za a iya neman ta gyara ɓarnar, har da diyya, idan aka tabbatar da alaƙa tsakanin laifin da cutarwar. Ra'ayin shawara ne, ba ya tilasta wa kowa biya, amma lauyoyi sun samu abin riƙewa. A daminar shekarar ruwa ya sake kashe mutum fiye da 1,000 a Pakistan, daga Buner a arewa maso yamma zuwa filayen Punjab. Kuɗin shirin kare kai da ƙasar ta samu a watan Mayu, kusan dala biliyan 1.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, shi ma rance ne. Asusun asara da ɓarna kuwa sai a taron Belem na ƙasar Brazil, a Nuwamban 2025, ya sanar da buɗe ƙofar karɓar buƙatun farko, shekara uku bayan Sharm el-Sheikh.